Tsuntsun aljanna: kamanninsa, rawarsa da kurmin da yake rayuwa a ciki

Wani malamin makarantar firamare daga Marwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Ɗalibaina sun nuna mini bidiyo a waya na wani baƙin tsuntsu da yake buɗe gashinsa har ya zama kamar faifai, da zanen shuɗi a tsakiya, yana tsalle a gaban wata tsuntsuwa mai ruwan ƙasa. An rubuta cewa sunansa tsuntsun aljanna. Da gaske akwai shi, ko aikin kwamfuta ne? Me ya haɗa shi da Aljanna? A ina yake zama, kuma gaskiya ne ana ganinsa a dajin Binuwai, kamar yadda wani abokina ya ce ya ga mai doguwar wutsiya a can? Ana iya kiwonsa a gida?"

Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira, ya yi wa yaranka albarka. Tsuntsun da suka nuna maka halittar Allah ce mai rai, ba ƙirar kwamfuta ba, ko da yake shakkarka tana da dalili a wannan zamani da hotunan bogi suka cika intanet. Siffar da ka kawo ta dace da wani tsuntsu da masana suke kira Lophorina, wanda littattafan Faransanci suke kira paradisier superbe, kuma tsawonsa bai wuce santimita 26 ba. Sai dai ya kamata ka sani tun farko cewa tsuntsun aljanna ba sunan tsuntsu ɗaya ba ne. Sunan dangi ne guda, Paradisaeidae, mai nau'i kusan 45, waɗanda suka bambanta da juna a girma da launi da rawa, har wanda bai sani ba zai rantse babu abin da ya haɗa su.

Gidansu tsibirin Niyu Gini ne da ƙananan tsibiran da suke kewaye da shi, a arewacin Ostareliya, can gabashin Indunusiya. Ka jawo hankalin yara kada su rikita shi da Ginin Konakiri ko Gini Ikwatoriyal maƙwabciyarmu, domin wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Sifen ne ya laƙaba masa wannan suna a 1545, saboda ya ga mutanen wurin sun yi masa kama da na gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Shi ne tsibiri na biyu a girma a duniya, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 786,000, wato ya ninka Kamaru fiye da sau ɗaya da rabi. Rabinsa na yamma yana ƙarƙashin Indunusiya, na gabas kuwa shi ne ƙasar Papuwa Niyu Gini. Akwai 'yan nau'o'i kaɗan a tsibiran Maluku da gabashin Ostareliya. Ban da waɗannan wurare, babu inda tsuntsun aljanna yake rayuwa a daji.

Sunan kuwa ya samo asali ne daga kuskuren fahimta da ya daɗe ɗaruruwan shekaru. Tun kafin Turawa su san hanyar wurin, maharban Niyu Gini suna feɗe waɗannan tsuntsaye, su cire ƙafafu, wani lokaci har da fukafukai, su busar da fatar da gashinta a hayaƙi, su sayar wa fatake masu zuwa daga tsibiran Maluku, ƙasar da kanumfari ya fito. Masu jin harshen Malay suna kiransu da sunan da yake nufin tsuntsayen Ubangiji. A watan Satumba na 1522 jirgin Victoria, wanda shi kaɗai ya kammala kewaya duniya daga cikin jirage biyar na tafiyar Magellan, ya iso Sifen ɗauke da irin waɗannan fatu, kyauta daga Sarkin Bacan zuwa ga Sarkin Sifen. Da mutanen Turai suka ga gashi mai sheƙi irin wanda ba su taɓa gani ba, ga shi babu ƙafa, sai suka gina labari a kai: wai tsuntsu ne da ba ya sauka ƙasa sai ranar mutuwarsa, wai raɓa yake sha, wai macen tana yin ƙwai a wani rami da ke bayan namijin suna cikin shawagi. Labarin ya kafu har ya kai ga a 1758, lokacin da masanin nan ɗan Suwidin, Linnaeus, yake ba halittu sunayen kimiyya, ya kira babban nau'insu Paradisaea apoda, wato tsuntsun aljanna marar ƙafa, kuma sunan yana nan har yau. Sai a 1824 wani Bafaranshe mai suna René Lesson ya zama masanin Turai na farko da ya gan su da ransu a cikin kurminsu. Saboda haka ka gaya wa ɗalibanka cewa wannan suna na 'yan kasuwa ne da matafiya, ba shi da alaƙa da Aljannar da aka yi wa muminai alkawari. Tsuntsu ne na duniya, yana ci, yana sha, yana mutuwa.

Ƙafafunsa ma ba ƙanana ba ne, ƙarfafa ne masu kama reshe da kyau, irin na hankaka, kuma ba banza suka yi kama ba, domin a cikin tsuntsayen da muka sani a nan, hankaka yana cikin danginsu na kusa. Duk wanda ya ji muryar babban nau'in zai yarda da wannan zumunci, don ba ta da zaƙi ko kaɗan: kuka ne mai kaushi, "wok, wok, wok", wanda yake ratsa kurmi da asuba.

Bari in siffanta maka wannan babban nau'i da kyau, tunda shi ne ya jawo wa dangin suna. Namijin ya kai santimita 43 daga baki zuwa wutsiya. Jikinsa ruwan hanta ne mai duhu, kansa da ƙeyarsa ruwan ɗorawa, maƙogwaronsa tsanwa mai ƙyalli, ƙirjinsa kuwa yana da gashi mai kauri da laushi kamar karan-miski. Daga tsakiyar wutsiyarsa wasu siraran gashi biyu suke fita kamar waya, su zarce jikin da nisa. Amma abin da ya fi ɗaukar ido shi ne dogon gashin da yake tsirowa daga kwiɓinsa biyu, a ƙarƙashin fukafukai, wanda ya fara da rawaya mai ƙarfi a gindi, ya yi ta haske har ya koma fari a baki. Mutane da yawa suna zaton wutsiya ce, alhali kuwa gashin kwiɓi ne, kuma idan tsuntsun yana hutawa sai ya zubo a bayansa kamar bakin rawani. Macen ta fi shi ƙanƙanta, ruwan ƙasa ce daga kai har wutsiya, ba ta da ado ko ɗaya. Ka riƙe wannan bambanci a ranka, Malam, domin shi ne mabuɗin duk abin da zan faɗa nan gaba.

Sauran dangin kowa da irin nasa ado. Mafi ƙanƙanta, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin tsuntsayen aljanna, santimita 16 ne kacal, ja wur a sama, fari fat a ciki, ƙafafunsa shuɗi, kuma wayoyin wutsiyarsa biyu suna ƙarewa da wani ɗan naɗi kore kamar kwabo. Akwai wani na kan duwatsu da aka sa wa sunan Sarkin Saxony, jikinsa santimita 22, amma daga kansa gashi biyu suke fita masu kai santimita 50, kuma yana iya juya su gaba da baya yadda ya so. Akwai mai farar wutsiya kamar ƙyallen alawayyo wadda ta wuce mita ɗaya, alhali jikinsa bai fi santimita 32 ba, wanda masana ba su rubuta shi ba sai a 1939. A tsibiran Waigeo da Batanta kaɗai ake samun wani ƙarami wanda tsakiyar kansa babu gashi, fata ce shuɗiya mai haske da baƙaƙen layuka a kanta. Nau'in da ake kira Raggiana, mai jan gashin kwiɓi, shi ne yake kan tutar Papuwa Niyu Gini, ƙasar da ta sami 'yancin kai a 1975, kuma a can ana kiransa kumul.

Launin nan yana da sirri iri biyu. Ja da rawaya rini ne a cikin gashin. Shuɗi da tsanwa masu ƙyalli kuwa ba rini ba ne, tsarin gashin ne yake karya haske ya mayar da wani ɓangare nasa zuwa ido, kamar yadda wuyan tantabara yake sauya launi idan ta juya a rana, shi ya sa wannan ado ba ya bayyana sosai sai mai kallo yana daidai inda ya kamata ya tsaya. Baƙin da ke jikin tsuntsun bidiyonku ya fi wannan ban mamaki. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa irin wannan gashi yana iya haɗiye kashi 99.95 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, saboda ƙananan rassan gashin a miƙe suke, masu tsaga-tsaga, haske yana shiga tsakaninsu ya yi ta kai da komowa har ya ƙare bai fito ba. Dalilin da ya sa ya yi maka kama da zanen kwamfuta ke nan: ido ba ya ganin tudu ko kwari a jikinsa, sai baƙi ƙirin kamar bakin rijiya, shuɗin da ke tsakiya kuma sai ya zama kamar fitila.

Yanzu ga maganar zawarci, wadda a ganina ita ce zuciyar al'amarin. Mazajen babban nau'in da na Raggiana suna da dandali, wato wata doguwar bishiya da suka zaɓa, wadda ake iya amfani da ita shekara da shekaru, wasu su mutu wasu su gaje su. Suna tsinke ganyen rassan da za su yi rawa a kai don kada wani abu ya kare su. Da asuba sukan taru su yi ta kira, kuma da zarar mace ta sauka a kusa sai bishiyar ta rikice: kowane namiji yana gudu a kan reshensa, yana kaɗa fukafukai, yana ɗaga gashin kwiɓinsa sama yana girgiza shi. Daga nan sai ya tsaya cik, ya sunkuyar da kai ƙasa, ya buɗe fukafukai, gashin nan ya zubo ta kan bayansa kamar ruwan zinariya, ya daskare a haka yana jira. Alfred Russel Wallace, Baturen Ingila da ya zauna a tsibiran Aru a 1857, ya ba da labarin mazaje goma sha biyu zuwa ashirin a bishiya ɗaya, kuma ya ce mutanen wurin suna kiran wannan taro da kalmar da suke kiran taron rawa. Macen ba ta gaggawa. Tana iya zuwa ta duba ta tafi, ta dawo washegari, kuma idan ta zaɓa sai ta matsa kusa da wanda ta ga dama. Abin da masu bincike suka tarar a irin waɗannan dandali shi ne namiji ɗaya ko biyu ne suke samun mafi yawan matan, sauran su tashi a banza.

Wanda ya taɓa ganin Gerewol na Woɗaaɓe a Cadi bayan damina, inda samari suke yin kwalliya su jeru su yi rawa 'yan mata su zaɓa, zai gane tsarin nan da nan, ko da yake na mutane al'ada ce da hankali da ƙa'idojin dangi suke tafiyarwa, na tsuntsu kuwa ɗabi'a ce da aka halicce shi da ita.

Wasu nau'o'in a ƙasa suke rawa, kuma su ne suka fi burge ni. Wanda ake kira parotia baƙi ne, yana da siraran gashi shida a kai, uku a kowane gefe, kowanne da ɗan faɗi a ƙarshe. Yana share wani fili a ƙasan kurmi, kullum ya zo ya tsince ganye da tsinke ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda uwar gida take share tsakar gida kafin baƙi su iso, kuma yakan zaɓi wurin da reshe ya gitta a sama, domin a nan matan za su zauna su kalle shi. Idan sun hallara sai ya rusuna, ya buɗe gashin kwiɓinsa ya kewaye shi kamar buje, ya miƙe a kan ƙafafunsa, ya riƙa taku gefe da gefe yana kaɗa kai, gashin nan shida suna rawa, sa'an nan ya noƙe wuya yadda ƙyallin ƙirjinsa zai haska sama daidai idon mai kallo. Nau'in da ake kira shuɗin tsuntsun aljanna yana rataye kansa a ƙasa ƙafafu a sama, ya baza shuɗin gashinsa kamar mafici, yana wani gurnani mai kama da ƙarar inji. Wani kuma, mai wayoyi goma sha biyu a bayansa, yana juya wa macen baya ne ya riƙa shafa mata su a fuska.

Na bidiyonku yakan yi nasa a kan kututturen bishiyar da ta faɗi. Yana da dogon baƙin gashi a ƙeya wanda yake kwance a bayansa kamar alkyabba, da wani gashi mai shuɗi da tsanwa a ƙirji. Idan mace ta matso sai ya ɗaga alkyabbar ta kewaye kansa, ya buɗe na ƙirjin ya zama kamar jinjirin wata, ya ɗaga baki sama yadda ƙyallin kansa zai fito kamar idanu biyu, ya riƙa tsalle yana kewaya ta yana fitar da ƙara kamar ana ƙyasta yatsu, kuma duk inda ta juya yana fuskantarta. Daga gefe ko daga baya wannan siffa ba ta fitowa. An yi ta ne domin ido ɗaya tak, na macen da take tsaye a gabansa.

Ba a haihuwar namiji da wannan gwaninta a kammale. A nau'o'i da dama yakan yi shekara biyar zuwa bakwai yana sanye da launin mace kafin adonsa ya cika, kuma a cikin waɗannan shekaru yana zuwa dandalin manya yana kallo, yana gwada taku idan sun tashi, wani lokaci samari su riƙa yi wa junansu rawa. Ashe har a wurin tsuntsu, sai an yi almajirci ake zama gwani.

Bayan barbara, namiji ya gama nasa. Macen ita kaɗai take gina sheƙa mai kama da ƙoƙo a cikin rassa, ta yi ƙwai ɗaya ko biyu, ta yi kwanci na kusan mako uku, ta ciyar da 'ya'yan har su tashi. A nan ne amfanin ruwan ƙasarta yake fitowa, domin wadda za ta kwanta a kan ƙwai a kurmin da akwai macizai da shaho ba ta bukatar launin da zai tona ta. Ina roƙonka, Malam, idan za ka koya wa yara wannan darasi, kada ka bar macen a gefe kamar 'yar kallo. Masana ilimin halittu suna bayanin cewa da yake mata ne suke zaɓe, kuma waɗanda aka zaɓa su ne suke barin zuriya, to duk siffar da matan suka fi so ita take ƙaruwa daga tsatso zuwa tsatso. Adon namiji, a wannan fahimta, tarihin zaɓin mata ne da aka rubuta a jikinsa.

Amma me ya sa abin ya kai wannan matsayi a Niyu Gini, bai kai haka a wurinmu ba? Amsar tana cikin kurmin. Marwa tana samun ruwan sama kusan milimita 800 a shekara, cikin wata huɗu ko biyar, sauran shekara rani ne. Wurare da yawa a Niyu Gini suna samun milimita 2,000 zuwa 5,000, kuma babu dogon rani irin namu, saboda haka kusan kowane wata akwai bishiyar da take da 'ya'ya. Ga shi kuma tsibirin ba shi da birai na asali, ba shi da kurege, ba shi da dangin kyanwa irin su damisa, wato masu yi wa tsuntsu takara a kan 'ya'yan itace da masu farautarsa sun yi ƙaranci. Abincin yawancin tsuntsayen aljanna 'ya'yan itace ne masu maiƙo, irin na dangin gyaɗar ƙamshi, haɗe da ƙwari da gizo-gizo. Inda abinci yake da yawa kuma yake da gina jiki, uwa ɗaya tana iya ciyar da ɗanta ba tare da taimako ba, namiji kuma sai ya sami sararin da zai ɓata yini a dandali. Kwatanta wannan da cilakowa a wurinmu, wadda macen take rufe kanta a kogon bishiya namijin yana kawo mata abinci, wanda in ya tsaya rawa gidan ya mutu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin dangin kansa. Akwai wasu nau'o'i da ake kira manukod, waɗanda abincinsu ya fi karkata ga 'ya'yan dangin ɓaure, masu zaƙi amma marasa gina jiki sosai. A wurinsu namiji da mace kusan kamarsu ɗaya, baƙaƙe masu ɗan sheƙi kamar hankaka, suna zama biyu-biyu, kuma uban yana taya renon 'ya'ya. Dangi ɗaya, tsibiri ɗaya, amma da abinci ya bambanta sai zaman aure da ado suka bambanta.

Duwatsu su ne suka yawaita nau'o'in. Jerin tsaunuka ya ratsa tsibirin daga yamma zuwa gabas, mafi tsawonsu Puncak Jaya mai mita 4,884, wanda ya fi Dutsen Kamaru. Kowane mataki na tsawo yana da irin kurminsa da irin tsuntsayensa: babban nau'in da ƙaramin sarkin nan a kurmin ƙasa mai zafi, Lophorina da parotia a tsakiyar tsaunuka, mai farar wutsiya a can sama inda hazo da sanyi suke. Kwaruruka masu zurfi da teku sun raba jama'ar tsuntsayen, kowace ta bi hanyarta. Wahalar wurin ta sa sai da Tim Laman mai ɗaukar hoto da Edwin Scholes masanin tsuntsaye suka shafe shekara takwas suna kai da komowa kafin su ɗauki hoton dukan nau'o'i 39 da aka lissafa a lokacin, aikin da suka fitar a 2012. Su kuma tsuntsayen suna biyan kurmin hakkinsa, don suna haɗiye 'ya'yan itace su yar da irin a wani wuri bai lalace ba, ta haka bishiyoyi suke yaɗuwa.

Mutanen tsibirin sun daɗe suna ado da gashin nan a bukukuwansu, kamar taron shekara-shekara na Goroka da na Mount Hagen, yana shiga cikin kayan aure, kuma ana adana shi da kyau a gada daga uba zuwa ɗa, kamar yadda gashin jimina yake da daraja a kayan sarautarmu. Ɓarnar da ta fi girma ta zo ne a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da matan Landan da Faris suka ɗauki yayin sa gashin tsuntsu a hula, aka riƙa fitar da fatu dubbai a kowace shekara, har Amurka ta hana shigo da su a 1913, Ingila ta yi dokarta a 1921. Abin da ya taimaka wa tsuntsayen suka tsira shi ne maharba manyan mazaje masu cikakken ado suke nema, matan da samarin da adonsu bai fito ba suka ci gaba da haihuwa. Barazanar yau ta fi wannan muni, domin saran katako da gonakin kwakwar manja da haƙar ma'adinai ba sa zaɓen namiji ko mace, bishiyar dandalin da ta sheƙar duka suke kayarwa. Yawancin nau'o'in suna nan da dama, amma shuɗin nan mai rataya yana cikin waɗanda ake fargabar raguwarsu.

Batun kiwo kuwa, amsata a'a ce, kuma ina faɗinta da ƙarfi. Dukan dangin suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kayyade cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Kamaru da Cadi suke cikinta, kuma ƙasashen da suke da tsuntsun suna kare shi da doka. Ko da an kawo shi, zafin Marwa na watan Afrilu da busasshiyar iskar hunturu ba nasa ba ne, ga shi jikinsa yana tara sinadarin ƙarfe a hanta idan abincin bai dace ba, cutar da take ba manyan gidajen namun daji wahala. An taɓa gwada dasa shi a wata ƙasa: a 1909 wani attajirin Ingila, William Ingram, ya kai babban nau'in ƙaramin tsibirin Little Tobago a yankin Karibiyan, suka rayu shekaru da dama ba su yawaita ba, guguwar 1963 ta yi musu mummunar illa, daga baya suka ƙare.

Abokinka bai yi ƙarya ba, ya ga tsuntsu mai doguwar wutsiya, sai dai ba wannan ba ne. Mafi kusa shi ne zalaidu, wanda wasu nau'o'insa suke ɗauke da kalmar aljanna a sunayensu na Turawa, abin da yake ƙara rikita mutane. Jikinsa ƙarami ne kamar na gwara, amma da damina namijin yakan yi baƙin gashi da ruwan goro a wuya da ƙirji, ya fitar da wutsiya mai faɗi wadda ta ninka jikinsa, ya riƙa tashi sama yana shawagi a kan filinsa don mata su gani, kuma idan kaka ta wuce sai ya zubar da ita ya koma kamar macen. Macen ba ta gina sheƙa, a sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye take ajiye ƙwanta su rena mata, wato shi ma namijin zalaidu ya sami sararin ado ne saboda reno ya sauka daga kansa, ta wata hanya dabam. Idan kuwa a cikin inuwar kurmin bakin kogi ya gan shi, mai jan baya da baƙin kai da shuɗin zobe a ido, yana cafke ƙwari a iska da dogayen gashin wutsiya biyu suna bin sa, to wannan shi ne wanda Faransawa suke kira tchitrec, kuma ko da yake dangantakarsa da tsuntsayen aljanna ta nesa ce, ta fi ta zalaidu kusa.

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, ka fita da yaran da sassafe zuwa bakin gonakin gero da dawa inda akwai ƙayoyi da ciyawa mai iri, ku nemi zalaidu a kan ƙololuwar bishiya, ku zauna shiru ku ƙirga sau nawa yake tashi, da abin da yake yi idan mace ta sauka kusa. A ƙarshen bazara da farkon damina kuma, bayan faɗuwar rana, ku duba fili mai tsakuwa ko bakin hanyar daji, akwai wani yautai da namijinsa yake fitar da dogon gashi ɗaya a kowane fiffike, sanda tsirara da ɗan tuta a ƙarshe, wanda idan ya tashi sai ka ce wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne suke bin sa. Ku rubuta ranar da wurin da kuka gan shi a littafi, ku sake komawa baɗi a daidai wannan lokaci.